Yadda ake tono tarihin damina daga lakar ƙasan tabki

An fara auna ruwan sama a Yamai ana rubutawa tun 1905, kuma yawancin tashoshin Nijar ba su kai ta tsufa ba. Sauran labari yana bakin tsofaffi: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, shekarar fara ta 1931, daminun albarka na shekarun 1950, sai farin 1973 da na 1984 da har yau akwai waɗanda suka gan su da idonsu. To mai son sanin yadda damina take shekara ɗari biyar da suka wuce, ko dubu biyar, wa zai tambaya? Masu bincike sukan tambayi lakar da ke kwance ƙarƙashin tabki. Kowace damina kori na kawo yashi da yumɓu, iskar hunturu na zubo ƙura, furanni na sakin garinsu, ƙananan halittun ruwa na mutuwa su nutse. Duk suna taruwa a ƙasa, sabo bisa tsoho, kamar damman gero a rumbu: na ƙasa shi aka fara sawa.

Jagorar nan ta ɗalibai ce, musamman na Jami'ar Abdou Moumouni masu karatun ƙasa da ruwa da tsirrai, da ma'aikatan da ke son gane abin da baƙin masu bincike ke yi in sun zo da bututunsu. Abu guda nake so a riƙe tun daga farko: laka ba ta auna ruwan sama kai tsaye. Abin da take ajiyewa shi ne abin da ya shigo tabki da abin da ya rayu cikinsa. Kai ne za ka yi aikin haɗa wannan da damina, kuma a ƙasarmu, inda tabkuna ke ƙafewa, gonaki ke faɗaɗa, aikin nan ya fi wuya fiye da yadda littattafan Turai ke nunawa.

Fara da tambaya

Kafin ka sayi ko mita ɗaya na tiyo, rubuta tambayarka a layi guda. Shekara ɗari da suka wuce kake so, ko dubu goma? Amsar ita ke zaɓar maka tabki, da kayan aiki, da irin gwajin da za ka biya. Mai neman tarihin ambaliya tun 1950 na iya yin aikinsa a bayan garin Yamai. Mai neman zamanin da Tenere ke da ruwa sai ya nufi arewa ko gabas.

Zaɓen tabki

Nan ne aka fi yin asara, don haka zan daɗe a kai.

Tabkin da ya dace shi ne wanda bai taɓa ƙafewa ba, ko kuma ƙafewarsa ba ta da yawa. Dalili kuwa, ranar da ruwa ya janye, laka na bushewa ta tsattsage, sabon yashi ya faɗa cikin tsagar ya gauraye da tsohuwar ƙasa, iska ta kwashe na sama, shanu su tattake sauran, masu bulo su zo su haƙa. Shekaru goma ko ɗari na iya ɓacewa haka ba tare da wata alama da ido zai gani nan take ba. Abin takaici, shekarun da ke ɓacewa su ne na fari, wato ainihin waɗanda kake nema.

Na biyu, zurfi. A ruwa mai zurfi iska ba ta kaɗa ƙasan, kuma in iskar shaƙa ta yi ƙaranci a can ƙasa, tsutsotsi da kifin laka irin su tarwaɗa ba sa zama su dama shimfiɗun. Shi ya sa sunayen tabkuna kaɗan ne ke ta maimaituwa a binciken Afirka ta Yamma. Tabkin Yowa na Uniyanga, a arewacin Cadi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ciyar da shi, zurfinsa ya haura mita ashirin, kuma lakarsa na da shimfiɗar shekara-shekara da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Daga gare shi Stefan Kröpelin da abokan aikinsa suka fitar da tarihin shekara 6,000 a 2008. Tabkin Bosumtwi na Gana rami ne da dutsen sama ya haƙa shekara wajen miliyan ɗaya da suka wuce, kuma binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna a cikinsa wani dogon fari tsakanin wajajen 1400 da 1750. A Najeriya akwai tabkin Tila da ke tudun Biu, da Kajemarum a yankin Manga.

Mu fa? Tabkunanmu da aka sani, irin su Tabalak da ke kan hanyar Tawa zuwa Agadas, da Madarumfa, da Gidimuni, ba su da irin wannan zurfin, kuma mutane da dabbobi na kansu kullum. Wannan bai sa su zama na banza ba, sai dai tambayar da za su iya amsawa gajera ce. Tabkunan Saga Goru da ke gabas da Yamai, Bangu Bi da Bangu Kire, ba su zama na dindindin ba sai cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 20, don haka kada ka je can neman shekara dubu. Amma ga mai son ganin yadda zaizayar ƙasa ta sauya cikin ƴan shekarun nan, sun dace.

Tsohon tarihi kuwa, namu yawanci a busasshen tabki yake. A Fachi da Bilma da Agadem akwai farar ƙasa mara nauyi da ta taru a ƙasan tabkunan da suka ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Can ba a buƙatar jirgi. Rami ake haƙawa, ko a sami gaɓar da iska ta yanke, a kankare fuskarta har sai sabuwar ƙasa ta fito, a ɗebi samfuri daga ƙasa zuwa sama don abin da ke zubowa kada ya gurɓata wanda ba a ɗiba ba tukuna.

Duba hotunan tauraron ɗan adam na shekaru daban-daban, musamman na watan Mayu da Yuni kafin ruwa ya sauka. Hotunan Landsat sun faro tun 1972 kuma kyauta ne. Cibiyar AGRHYMET da ke nan Yamai, wadda aka kafa a 1974, wuri ne da ya kamata ka leƙa don bayanan ruwan sama da na koramu.

Mutanen tabki

Tabki na da masu shi. Bayan takardar jami'a, da izinin bincike, da sanar da ma'aikatar gandun daji da ofishin magajin gari, sai ka je gaisuwa wurin mai gari, shi kuma ya haɗa ka da sarkin ruwa. Tabalak na cikin jerin wuraren Ramsar, wato wuraren ruwa da yarjejeniyar ƙasashen duniya ke karewa, tun 2005, don haka can maganar izini ba abin wasa ba ce. Tambayi hukuma halin tsaron hanya kafin ka sa rana.

Zaman da za ka yi da sarkin ruwa da tsofaffin masunta ya fi rabin kayan aunawarka amfani. Kada ka tambaye shi ko yanayi ya canza, zai ce maka ya canza, ba ka ƙaru da komai ba. Ka ce masa: "Baba, tun tasowarka ka taɓa ganin an taka tsakiyar tabkin nan da ƙafa? Kafin yunwar Buhari ta 1984 ne ko bayanta?" Ka tambayi inda gora ba ta taɓa ƙasa, da shekarar da kori ya fasa ya shigo da yashi, da lokacin da aka yi madatsa ko aka yashe wani gefe. Rubuta duka. Daga baya, in ka ga wata shimfiɗar yashi mai kauri a labo, wato ɗakin gwaji, maganar tsohon nan ce za ta fara ba ka haske.

Ciro sandar laka

Lokacin ɗari ya fi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya kwanta amma bai janye sosai ba. A fita da sassafe kafin iska ta tashi.

Da farko auna zurfi. Igiya mai alamar kowane rabin mita, da faranti mai nauyi a bakinta don kada ta nutse cikin taɓo, ta isa. Ratsa tabkin tsaye da kwance kana rubuta zurfi da lambobin GPS. Wurin da kake nema shi ne mafi zurfi kuma shimfiɗaɗɗe, nesa da bakin kori. Kusa da kori yashi ne zalla, ambaliya ɗaya na iya zuba rabin mita. Kusa da gaɓa kuma sawun shanu ne.

Haɗa jirage biyu da katako su zama dandali, ka bar tsaga a tsakiya, ka ɗaure su da duwatsu masu nauyi ta ɓangare uku ko huɗu don kada su juya. Jirgin da ke yawo na karkatar da bututu. Kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa, ko ya iya ruwa ko bai iya ba. A sa dogon takalmin roba da safar hannu, saboda tsargiya na cikin irin waɗannan ruwaye. Inda aka ce akwai dorina ko kada, maganar masunta ita ce doka.

Kayan ciro laka iri-iri ne. In ruwa bai wuce mita biyu ko uku ba, tiyon PVC mai faɗin milimita 63 ko 75 na yin aiki. A wasa bakinsa na ƙasa, a saukar da shi a tsaye cak, a danna a hankali. In ya ƙi shiga, a ɗora katako a kai a buga da guduma, amma a sani bugu na matse laka. Don haka kafin a ciro, a auna nawa bututun ya shiga daga waje, a kuma auna tsawon lakar da ke ciki. In ya shiga santimita 120 amma lakar ciki 95 ce, rubuta wannan bambancin, za ka buƙace shi. Sai a cika saman da ruwa, a toshe shi gam yadda iska ba za ta shiga ba, a jawo. Mutum ɗaya ya sa hannu cikin ruwa ya toshe ƙasan kafin bakin bututun ya fito sarari. In aka yi jinkirin daƙiƙa biyu, aikin safiya ya koma tabki.

Wanda ya fi wannan shi ne bututu mai fistan, irin wanda Daniel Livingstone ya ƙirƙiro a 1955. Fistan ɗin na tsayawa daidai saman laka, ɗaure da waya, bututun na wucewa ƙasa, don haka laka na shiga ba tare da ta matse sosai ba. Da shi ake ciro mita ɗaya bayan ɗaya daga rami guda. A fadama ko gefen da ruwa ya janye, ana amfani da wani mai kamar rabin bututu da murfi mai juyawa, wanda ke yanko rabin mita a kowane shiga.

Kada ka koma gida da sanda ɗaya, wato lakar bututu guda. Ciro biyu ko uku, tazarar mita ɗaya ko biyu, kuma in kana ciro gunduwa-gunduwa, ka sa mahaɗar ta biyu ta faɗo a tsakiyar gunduwar ta farko, don abin da ya ɓace a mahaɗa a same shi a ɗayar.

Santimita goma ko ashirin na sama ruwa-ruwa ne, kuma su ne shekarun da kake da alƙaluman ruwan sama a kansu, wato su za ka gwada da su. In ka kwantar da bututun a bayan mota daga Tabalak zuwa Yamai, sun dame. Ko dai ka tafi da shi a tsaye ɗaure, ko ka yanka saman tun a gaɓa: ka turo lakar daga ƙasa a hankali, kana yanke santimita ɗaya-ɗaya kana sawa a leda mai lamba. A jikin kowane bututu rubuta sunan tabki, da rana, da lamba, da kibiya mai nuna sama, da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. Rubuta a murfin ma. Sandar da aka manta ina samanta yake ta zama taɓon gini.

Buɗewa a labo

A ajiye a firigo a digiri 4. Kada a daskarar, ƙanƙara na farfasa shimfiɗu. Zafi kuma na kawo fumfuna, wadda ke ɓata gwajin shekaru.

A tsaga tiyon ta tsawonsa gefe biyu da zarto, ba tare da haƙoran sun shiga laka ba, sannan a ratsa siririyar waya a raba sandar biyu. Rabi na aiki, rabi na ajiya, ba a taɓa shi. A share fuskar da wuƙa mai tsabta ta kwance, bin shimfiɗa. Wanda ya share ta tsawo ya ja lakar wata shekara ya kai wata. A ɗauki hoto nan take da ma'auni a gefe, domin launi na sauyawa cikin sa'a guda da shan iska.

Sai ka zauna da takarda ka bayyana abin da ka gani, santimita bayan santimita: launi, laushi ko gautsi, saiwoyi, katantanwa, gawayi, wari. Murza kaɗan tsakanin yatsu, yashi na ƙaiƙayi, yumɓu na santsi. Lura da iyakar shimfiɗu, ko a hankali suka sauya ko kwatsam. Abin da za ka fi sa wa ido shi ne alamar ƙafewa: tsaga mai siffar tsinke cike da yashi, jan launi ko ɗigon tsatsa, ƙasa mai tauri da saiwoyin ciyawar tudu. Duk inda ka ga wannan, sa alama babba. Akwai yiwuwar shekaru sun ɓace a nan.

Sa wa laka shekaru

In kuɗinka kaɗan ne, nan za ka zuba mafi yawansu. Kyakkyawan zane na garin fure da ba a san shekarunsa ba bai amsa tambayar kowa ba.

Na shekarun baya-bayan nan, abu biyu ake aunawa, duka a busasshen samfuri da na'urar ƙirga hasken gama. Na farko siziyom-137, wanda babu shi a duniya kafin gwaje-gwajen makaman nukiliya. Ya fara sauka ko'ina a shekarun 1950, ya kai ƙololuwa a 1963. Ga mu nan ma, Faransa ta yi gwajinta na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960. Zurfin da siziyom ya fi yawa shi ake ɗauka a matsayin wajajen 1963. Na biyu dalma-210, wadda ke saukowa daga iska kullum, rabinta kuma na lalacewa duk shekara 22 da ƴan watanni, don haka tana aiki zuwa shekara 100 ko 150.

Misali kawai: a ce ka ciro sanda a 2023, ka sami ƙololuwar siziyom a santimita 60. Shekara 60 ke nan, santimita 60, wato santimita ɗaya a shekara in an raba daidai. Amma ba a raba daidai ba. Ambaliya ɗaya na iya kawo santimita goma a dare guda, kuma lakar ƙasa ta fi ta sama matsewa. Shi ya sa ake lissafi da nauyin busasshiyar laka maimakon tsawo, ana kuma cire shimfiɗun ambaliya kafin a raba. Ka sani kuma siziyom na manne wa yumɓu, yashi ba ya riƙe shi, don haka raguwarsa a shimfiɗar yashi ba ta nufin komai game da shekara. Kori ma na iya kwaso tsohon siziyom daga gonaki ya kawo bayan shekaru.

Abin da ya wuce nan sai kabon-14, hanyar da Willard Libby ya gano, ta ba shi kyautar Nobel a 1960. Rabinsa na lalacewa duk shekara 5,730, kuma yana aiki zuwa wajen shekara 50,000. Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin wannan gwaji a Dakar tun shekarun 1960. Na'urorin yanzu miligiram kaɗan suke buƙata, sai dai yawanci waje ake aikawa, kuma kowane samfuri da kuɗinsa.

Abin da ka aika shi ne komai. Nemi abin da ya tsiro a tudu kuma bai daɗe a raye ba: ƙwayar iri, ganye, ɗan siririn reshe, gawayin ciyawa. Wanke laka a rariya da ruwa mai tsabta, tsince su da hantsaki ƙarƙashin madubi, busar, naɗe a takardar alminiyom. Guji saiwa, domin daga sama ta ratso, ta fi shimfiɗar ƙuruciya. Guji katantanwa da ciyawar ruwa, musamman a Adar. Duwatsun can na farar ƙasa ne da teku ya bari fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. Ruwan da ya ratsa su na ɗauke da tsohon kabon da ba shi da sauran kabon-14, dodon koɗi kuma da shi yake gina gidansa. Sai gwaji ya ba ka shekaru ɗaruruwa fiye da gaskiya. In dole sai da katantanwa, nemi wuri guda da ka sami katantanwa da ƙwayar iri a shimfiɗa ɗaya, ka auna su duka, bambancin ya zama ma'aunin gyaranka.

Lambar da labo zai aiko maka ba shekarar kalanda ba ce, sai an daidaita ta da jadawalin IntCal20, kuma ana ƙirga ta baya daga 1950. Tsakanin wajajen 1650 da 1950 jadawalin na da kwan-gaba-kwan-baya, lamba ɗaya na iya dacewa da zamani uku. Wannan ya faɗo daidai kan zamanin jihadi da zuwan Turawa, wanda masu tarihi suka fi so, sai haƙuri.

Sa samfuri sama da ƙasan kowace alamar ƙafewa. In na ƙasa ya ba da shekara 2,000, na sama da shi da santimita biyar ya ba da 600, ka gano gibi. Kada ka ja layi miƙaƙƙe ka haɗa su kamar ba abin da ya faru.

Abin da ake aunawa

Fara da mai araha. Ɗebi gunduwar laka mai santimita ɗaya ta kowane gefe, auna nauyinsa, busar a digiri 105 ka sake aunawa, ka san ruwan da ke ciki. Ƙona a tanderu a digiri 550 na awa huɗu, nauyin da ya ɓace shi ne na ruɓaɓɓen tsiro. Ƙara ƙonawa a 950 na awa biyu, ka san yawan farar ƙasa irin ta siminti. Sannan girman ƙwayoyi: abin da ya tsaya a rariya mai ido mikron 63 (mikron dubu ke yin milimita ɗaya) yashi ne. Da sikeli mai kyau da tanderu da rariya, ɗalibi na iya fitar da rabin labarin a nan Yamai.

Garin fure ya fi ban sha'awa, ya kuma fi yaudara. Ɓawonsa na daɗewa dubban shekaru in bai sha iska ba, kuma kowane dangin tsiro da siffarsa. Ana narkar da sauran laka da asid, ciki har da mai cin yashi wanda ke ratsa fata har ƙashi, don haka ba a yin sa sai a labo mai injin zuƙe hayaƙi, tare da wanda ya saba. Ana ƙirga aƙalla ƙwaya 300 a kowane samfuri da madubin likita mai ƙara girma sau 400. Yawan dangin taramniya da marke da geza, in ya haɗu da itatuwan kudu, na nuna damina mai ƙarfi. Tsirran gishiri da na hamada na nuna bushewa. Kacalla da bado kuwa labarin tabkin kansa suke ba ka, ko ya yi faɗi ko ya koma fadama. Yaudarar ita ce ciyawa na watsa gari a iska da yawan gaske, amma gawo da bagaruwa da kuka ƙwari ko jemagu ke ɗaukar musu, kaɗan ke isa ruwa. Ƙwaya uku ta bagaruwa na iya nufin daji guda. Garin gero kuma da wuya a bambanta shi da na ciyawar daji. Maganin wannan shi ne ka ɗebi lakar yau daga tabkuna da dama, daga Gaya har Abalak, ka ga irin garin da kowane daji ke bari, sannan ka fassara na da.

Diyatom ƙananan tsirran ruwa ne masu ɓawon gilas, su ne suka yi farar ƙasar Fachi, kuma ƙurar kwarin Bodele da hunturu ke kwasowa daga Cadi na cike da ɓawonsu. Wasu ba sa rayuwa sai a ruwan daɗi mai zurfi, wasu sai a ruwan kanwa. Sauyawarsu daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa na nuna lokacin da tabki ya cika da lokacin da rana ta shanye shi ya yi gishiri. A ganina, a tabkin da ba shi da mafita, sun fi garin fure kusa da maganar ruwan sama. Akwai kuma ostirakod, ƙananan halittun ruwa masu ɓawo biyu kamar ƙwayar riɗi, da ake auna sinadaran ɓawonsu don sanin gishirin ruwa. Gawayi na nuna wutar daji, amma ka tuna wuta sai da ciyawa, don haka yawansa kan biyo bayan damina mai kyau, ko hannun mutum.

Fassara

Yanzu ka jera komai gefe da gefe bisa shekaru, ka fara daga sama, inda kake da alƙaluman ruwan sama. Shin lakarka ta ga daminun 1950? Ta ga 1973 da 1984? Ta ga ambaliyar 2012 da ta 2020? In ba ta ga abin da kowa ya sani ba, ba ka da hujjar yarda da ita kan abin da ba wanda ya gani.

A nan ne ƙasarmu ke da tarko. Hankali zai ce yashi mai yawa da tabki mai cika na nufin ruwan sama ya ƙaru. Amma a kewayen Yamai an auna akasin haka: cikin shekarun fari da bayansu, ruwan da ke gudu a koramu ya ƙaru, tabkuna suka yawaita, ruwan rijiyoyi ya hau da wajen mita 4 tsakanin shekarun 1960 da 2007. Sare daji da faɗaɗa gonaki suka bar ƙasa tsirara ta yi ɓawo, ruwa ya daina shiga, ya koma gudu zuwa kwari. A Adar kuma, aikin Keita da aka fara a 1984 ya gina madatsu da katangun duwatsu, ya dasa itatuwa, don haka raguwar yashi a wani tabkin can na iya zama aikin mata masu ɗaukar duwatsu, ba raguwar damina ba. Duk sauyin da ka gani cikin ƙarnin da ya wuce, fara tambayar abin da mutane suka yi a gangaren kafin ka ɗora wa sama.

Bambanta kuma abin da ya faru rana ɗaya da abin da ya ɗauki zamani. Shimfiɗar da ta fara da tsakuwa a ƙasa ta ƙare da laushi a sama, ruwa ɗaya ne mai ƙarfi. Ƙirga irinsu na ba ka yawan manyan ambaliya a kowane zamani, amma shekarar fari ma na iya samun ruwa ɗaya mai ɓarna. Kada ka yanke hukunci sai shaidu biyu ko uku da ba su dogara da juna ba sun yi magana ɗaya.

Daga nan ka gwada naka da na maƙwabta. An san cewa tsakanin wajajen shekara 14,800 da 5,500 da suka wuce Sahara ta yi kore, saboda wani jujjuyawar duniya mai zagayen kusan shekara 21,000 ya sa zafin bazara ya ƙaru a arewa, ya jawo damina can ciki. Tabkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, alhali a farkon shekarun 1960 wajen 25,000 ne. A Gobero cikin Tenere, inda Paul Sereno ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a 2000, an sami ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada. Yadda wannan zamani ya ƙare kuwa har yanzu ana muhawara. Lakar teku daga gaɓar Muritaniya ta nuna ƙura ta ƙaru kwatsam wajen shekara 5,500 da suka wuce, ta Yowa kuma ta nuna bushewa a hankali cikin dubban shekaru. Duka biyun aiki ne mai kyau, wurare ne daban suke ba da labari daban. Saboda haka in za ka rubuta sakamakonka, ka ce ga abin da ya faru a gangaren wannan tabki, ka ba kowace shekara da tazarar kuskurenta, ka nuna gibin ƙafewa a zanenka a fili.

Rabin ajiya kuwa, naɗe shi da leda ninki biyu, saka cikin rabin tiyonsa, liƙe da salatif, sake rubuta lamba da kibiya. Da yanayin wutar lantarkinmu, nemi firigon da ke kan janareto ko hasken rana, ka riƙa duba shi lokacin bazara. Ɗebi wani kaso na kowane santimita ka busar ka ajiye a kwalba, domin busasshen samfuri na jure zafi kuma ya isa ga yawancin gwajin sinadarai. Littafin fili, da hotuna, da lambobin GPS, da maganganun masunta, a yi musu kwafi biyu, ɗaya ya zauna a sashen jami'a.